Balki, ƙudajenta, da azumin Lawali

Balki ta rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaye gaban tablo da alli a hannu. Waya ta yi ta ruri cikin jaka. Ba na ɗaukar waya a aji, ɗalibaina sun sani, har kwaikwayona suke yi a kai. Da ta yi na huɗu na ɗauka.

Habsu ce, matar yayanta. Ko sallama ba ta yi ba. "Madam Zali, Balkisa ta cika."

Na ce, "Wace Balkisa?" Kamar muna da su goma.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekaranjiya Talata tana ɗakina nan Tasawa, ta miƙe ƙafa bisa tabarma, tana cin dambuna tana zagin yajin da na sa. Jiya Laraba bayan la'asar ta hau kabu-kabu, babur ɗin haya, daga Kanan-Bakashe za ta ƙauyensu. Amalanken shanu ya fito daga cikin gona, mai moto ya kauce, yashi ya kwashe su. Mai moton ya karye a hannu. Ita kanta ya bugi kututture. An kai ta gidan likita a Mayahi. Da asubar yau Mai ita ya karɓi abinsa.

Cajar wayarta tana nan maƙale a bangona.

Na rubuta layukan nan na karanta sau uku, ban ga inda suka yi kama da gaskiya ba.

Ga wanda bai san ta ba: Balkisa ƙawata ce tun shekararmu ta farko a jami'a a Yamai. Ɗaki ɗaya muka zauna shekara huɗu. Ni na karanta filozofi, wato falsafa, na dawo gida ina koya wa 'yan lise, manyan 'yan sakandare, yadda ake shakkar komai. Ita ta karanta ilimin halittu, ta wuce Turai ta yi doktora, ta zauna can a wani labo, ɗakin binciken kimiyya, tana kiwon ƙudaje.

E, ƙudaje. Zan zo kansu.

Ranar da na iso Yamai da akwatin ƙarfe, ban san kowa ba, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar Tasawa ce, ɗaurin kallabinki ya tona ki. Hau gadon sama, ni tsoron faɗowa nake." Sai da muka yi shekara biyu na lura gadon sama shi ke ƙarƙashin fanka.

Da zazzaɓin taifod ya kwantar da ni ana gab da jarrabawa, ta bar nata ajin ta riƙa shiga nawa tana kwafe mini darasi. A gefen kaye, littafin rubutun, tana sa nata sharhin. Kusa da sunan wani babban masani ta rubuta: "Wannan bai taɓa jin yunwa ba." Har yau ban sami malamin da ya fi ta fahimtarsa ba.

Da aurena ya mutu, kowa ya zo da nasiharsa a hannu. Ita ta kira ni daga can, ta yi awa guda tana ba ni labarin yadda namijin ƙuda ke kaɗa fiffike ɗaya in yana neman mace. Ba ta tambaye ni komai ba. Da za ta kashe ta ce, "Kin ci abinci?"

Haka take.

Abin da ya sa mutuwar nan ta gigita ni, sai na faɗa ko da ba daɗin ji: ba ta wannan ƙofar muke jiran ta ba.

A gidansu akwai wata cuta ta gado. Likitoci na ce mata chorée. Mutum yana zaman lafiyarsa, ya yi aure, ya haihu, sai wajen shekara talatin da wani abu yatsunsa su fara motsi ba da izininsa ba. Daga nan kafaɗa, daga nan fuska, tafiya ta koma kamar ta mashayi. Magana ta harɗe, haɗiya ta yi wuya, hali ya canja. Kakarta ta wajen uba haka ta tafi. Babanta haka. Duk ɗan da mai ita ya haifa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Yanzu tana jikin Lawali, yayan Balki, ɗan farin innarsu. Shekara biyar ke nan.

A ƙauye ba chorée ake cewa ba. Cewa ake iskokin gidan ne, wani kaka ya yi musu alkawari bai cika ba. An yanka baƙin bunsuru, an yi turare, an sha rubutu. Masu neman aure kuwa sun daɗe da gano hanyar da ke zagaye gidan.

Ni kuma, da duk filozofina, shekara goma sha bakwai ina satar kallon yatsun Balki duk lokacin da ta ɗauki kofin shayi. Ta sani. Wata rana ta aje kofin, ta miƙo mini hannu biyu. "Ungo, duba da kyau. In kin gama ki bar ni in sha shayina da zafinsa."

Akwai gwajin jini da ke faɗa wa mutum ko ya gada. Sau ɗaya na tambaye ta ko ta yi. Ta ce, "Zali, ke kin tambayi ranarki?" Ban sake ba.

Muna tsaron yatsu, ashe amalanke ne.

Aikinta, yadda ta bayyana mini shi, ga shi. Jikinmu ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace kamar gida. A jikin mai wannan cuta akwai wani sinadari da ake ƙerawa a karkace, sai ya dunƙule ya taru cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa har ya shaƙe su. To ashe kowace ƙwaya tana da hanyar share kanta. Takan tattara abin da ya lalace, ta naɗe shi, ta narkar, ta sake mora. Autophagie suke ce wa wannan.

"Kin ga mace a ƙarshen bazara," in ji ta, "in hatsi ya ja baya, sai ta shiga rumbu ta sharo har gindinsa, ta sheƙe, ta fidda na ci, ta zubar da ƙaiƙayi. Ƙwaya ma haka take, yunwa ke sa ta shara sosai. Mu magani muke nema da zai sa ta shiga rumbun ba sai yunwa ta zo ba."

Ƙudajen kuwa ƙananan nan ne masu taruwa kan ruɓaɓɓen mangwaro. Ana sa musu irin cutar, a zuba su cikin kwalba, a buga gindinta ƙasa. Lafiyayyu su haye sama nan take, marasa lafiya su yi ta zamewa. Sai a sa musu magani cikin abinci, a ga ko za su hau.

Ranar da suka hau ta kira ni ina tsakiyar wanki. "Zali! Sun hau! 'Yan banzan sun hau!"

Na ce barka, saura a lallashi Lawali ya zama ƙuda.

Ta yi dariya har da tari. Sannan ta ce, "Tsakanin ƙuda da mutum akwai ɓera. Tsakanin ɓera da mutum akwai shekaru. Ban ga Yaya zai iya jira ba."

Ba ta taɓa ce wa kowa an sami magani ba. Ku riƙe wannan, don abin da ke tafe.

Azumin shekara uku da suka wuce, a gurup ɗin waya na 'yan ƙauyensu mazauna birni, wani ya tsokane ta, wai an kai ɗiyarsu Turai kiwon ƙuda alhali ga su nan kyauta a mahauta. Ta ji haushi. Ta yi musu vokal, saƙon murya, na minti shida da Hausa tsantsa, ba kalmar Faransanci ko ɗaya. Ta bayyana duk abin da na faɗa muku, ta fi ni iyawa. Ta ce ba iskoki ba ne, ba alhakin kowa ba ne. Can kusa da ƙarshe, da yake watan azumi ne kuma tana cikin nishaɗi, ta ƙara jimla ɗaya: "Ko azumin nan da muke yi ma yana tada wannan sharar cikin jiki."

Ba ƙarya ta yi ba. Gaskiyar labo ce, sai dai ta fito waje ba takalmi.

Vokal ya tashi. Masu cajin waya a kasuwannin mako suka riƙa zuba wa mutane shi a katin waya, haɗe da wa'azi da waƙoƙi. Wani mai basira ya yanke minti biyar na farko ya bar na ƙarshe. Da kunnena na ji shi a kasuwar Maijirgi, yana fita daga lasifikar mai maganin gargajiya, tsakanin tallar maganin basir da ta maganin sanyi. Har suna aka sa masa: "Likitar Turai ta tabbatar."

Wasunku da ke karanta wannan sun tura shi. Ni ma na tura, har da 'yar jar zuciya a ƙasa.

Ya isa kunnen Inna, mahaifiyarsu.

Ku fahimci Inna kafin ku yanke mata hukunci. Ita ta yi jinyar mijinta shekara goma sha biyu, ana nuna ta da baki a bakin rijiya. Yau ga ɗiyarta, da muryarta, gaban duniya, ta ce ba iska ba ce. Kuma ga abin yi, ba a gidan boka ba, ba a farmasi ba, ibada ce ma. Wace uwa za ta ƙi?

Ta sa Lawali azumin Litinin da Alhamis. Da ba a ga sauƙi ba aka ce bai isa ba ne, aka koma yini a ɗauka, yini a sha. Shi ma yana so. Mutumin da ya bar gona, ya bar kasuwa, igiyar akuya ma ba ya iya ɗaurewa, an ba shi aikin da zai iya.

Abin da guntun vokal ɗin bai faɗa ba shi ne, mai wannan cuta jikinsa ba ya hutawa. Motsin nan yana cin abinci kamar noma. Yana bukatar ci fiye da mai lafiya, sau da yawa a yini, mai laushi, mai maiƙo. Ko yana ci ramewa yake, balle an hana shi.

Balki ta kira, ta sake kira. Ta yi sabon vokal na gyara. Ba wanda ya tura shi, gyara ba shi da daɗin saurare. Inna ta ce mata a waya, "Na farin da zuciyarki kinka yi shi. Wanga na biyu Nasaru sunka sa ki, don su saida maganinsu."

Wata guda da ya wuce Habsu ta ɗauki hoton mijinta a ɓoye ta tura mata. Shi ya taso da ita.

Ranar Talata, bayan ta gama da dambun, ta nuna mini hoton. Na duba, na mayar mata da wayar da sauri.

"Kin san abin da na gane cikin jirgi?" ta ce. "Inna ba ta gan shi ba."

Na ce, "Kamar ya ba ta gan shi ba? Gida ɗaya suke."

"Ɗan fari ne, Zali."

Ban taɓa lura da haka ba. Ni da nake ganin ba abin da ke wuce ni.

Inna mutuniyar zamanin da ce. Ba ta faɗin sunan Lawali, "wancan" take cewa. Ba ta zama inda yake zaune. In ya shigo ta ƙofar nan, ita ta tuna da wani aiki a madafa. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ita kuwa ba ta ƙara ɗaga ido ta dube shi ba. Shekara arba'in da ɗaya. Kunyar ɗan fari, wadda mu 'yan lakwal, 'yan boko, muke wa dariya a wajen biki. Ta san tarinsa ta bayan danga. Ta san yawan tuwon da ya rage a kwanonsa. Amma ba ta san yadda wuyansa ya koma ba.

"Kuma kin san wani abu?" in ji Balki. "Duk ranar da ya yi azumi ita ma tana yi. Ita ke dafa mai sahur da hannunta, ta ba Habsu ta kai. Tun da ta haife shi, yanzu ne ta sami abin da za ta yi mai ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Ni na ba ta shi ban sani ba. Shi kuma zan je in ƙwace."

Na ce, "To me za ki ce mata da ba ki faɗa a waya ba?"

"Lacca ta ƙare. Shekara biyu ina yi. Abu ɗaya zan roƙe ta, ta dube shi. Sau ɗaya tak. In ta dube shi ta ce ya ci gaba, franchement, tsakani da Allah, na haƙura."

Jiya da hantsi muka shiga kasuwa. Madarar gari, man gyaɗa, garin ƙuli-ƙuli, sukari, garin waken suya, ta cika ƙaramin buhu. Na ce doktora guda da buhun ƙuli-ƙuli a ka, wannan hoton ya kamata a kafa a labo. Ta ce, "Wannan ne maganin farko da na taɓa haɗawa wanda na tabbata yana aiki a kan mutum."

Na raka ta tasha. Ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Juma'a zan dawo. In na ci nasara ki yanka mini zabo. In an koro ni ki yanka biyu."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Zabo.

Yau ban iske jana'iza ba. Kafin in sami mota in isa, an kai ta an dawo.

Tsakar gidan Inna cike da mata. Ita tana zaune jikin bango bisa buzu, tasbaha a hannu, idonta a bushe. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta ce, "Zali, kin zo? Ƙawarki ta yi miki wayo." Na koma gefe na zauna cikin mata.

Can wata daga cikin matan, da kyakkyawar niyya, ta ce bari a ji muryar marigayiya. Ta kunna waya.

Guntun vokal ɗin ne.

Muryar Balki ta cika gidan, da dariyar nan tata a ƙarƙashin magana. "Ko azumin nan da muke yi ma..." Mata suka fashe da kuka. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, murya ce. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Allahu akbar. Yarinya ta bar wasiyya."

Inna ta gyaɗa kai. "Yau ma Alhamis, wancan shina ɗauke da shi. Da tana da rai ba mu saki maganarta ba, balle yanzu."

 Da Balki tana raye tana iya cewa ta yi kuskure. Yanzu an rufe bakin da zai faɗa, an bar wanda ke cikin waya.

Habsu ta ja ni bayan rumbu. "Madam, maigidana sau biyu shina faɗuwa a maƙabarta. Ɗauko shi anka yi. An ba shi ruwa ya ƙiya, wai ladar ta Balkisa ce." Ta nuna mini buhun a ƙofar ɗaki. Mai amalanken ne ya kawo shi da kansa, yana kuka kamar yaro. Gefe ɗaya ya yage, madara ta gauraya da yashi.

Na san matsayina. Baƙuwa ce ni, ƙawar ɗiya, a gidan makoki, ranar farko. Ba ranar magana ba ce. Na yi ta neman ranar da za ta zama ta magana, ban samu ba.

Da aka tashi sallar la'asar mata suka ragu, na jawo buhun na aje gaban Inna, na durƙusa.

"Inna, ina da saƙo."

"Na wa?"

"Na Balki. Ba ta ba ni ba, da kanta za ta kawo. Ni dai na ji shi."

Na kwance bakin buhun. Ta leƙa. Ta san ba tsarabarta ba ce, Inna ba ta shan madarar gari, cewa take warin gwangwani take yi.

"Na wancan ne?"

"Nasa ne. Ta ce ya ci sau biyar a yini."

"Ke ma sun karanta miki."

"Ni filozofi na karanta, Inna, ko sunan ƙwayar ciwon kai ban sani ba. Ba gardama na zo yi ba. Ta ce abu ɗaya za ta roƙe ki. Ki dube shi."

Tsohuwar nan mai wasiyya ta tafa hannu. "Subhanallahi! Ɗan farin? Ke ɗiyar wa ce?"

Inna ba ta ɗaga murya ba. "Ɗiyan lakwal," ta ce. "Kun karance komi, ban da kunya."

Na ce, "Haka ne, Inna." Don haka ɗin ne.

Sannan na ce, "Ta ce in kin dube shi kika ce ya ci gaba, ta haƙura. Ni ma zan haƙura, ba za ki ƙara jin bakina ba. Tun daga Turai ta taso don wannan. Saura gona uku ta iso."

Tasbaharta ta ci gaba da tafiya. Na zauna nan kamar wadda aka kora ba ta gane ba.

Ba ni na shirya abin da ya biyo baya ba. Zaure ya cika da masu gaisuwa, zafi ya yi yawa, sai maza biyu suka shigo da Lawali riƙe a kafaɗa, suka kwantar da shi a inuwar itacen bedi, tsakiyar gida. Rigarsa kamar an rataye ta a ƙusa. Wandon an naɗe shi biyu an ɗaure da igiya. Leɓe ya tsage. Hannuwa da ƙafafu suna ta aikinsu, ba su san an yi mutuwa ba.

Ya gan ni. "Madam... an yi... an yi rashi."

Na ce, "An yi rashi, Yaya Lawali. Ya haƙuri?"

Inna ta tattara zanenta za ta tashi, yadda ta saba. Ta dafa bango. Ta miƙe rabi.

Sai ta tsaya a haka.

Ta juyo da kai. Daga ƙafa ta fara. Ta hau gwiwa, ta tsaya a igiyar wandon, ta wuce ƙirji, ta kai wuya. Ban san tsawon lokacin ba. Na san dai tasbahar ta daina motsi, kuma duk matan da ke wurin sun sunkuyar da kai, kamar su ne aka kama suna kallo.

A hankali ta ce, "Haka ubansu ya koma, damanar da ya tahi."

Ta koma ta zauna. Ta juya fuska ga bango. Sai a lokacin na ga kafaɗunta suna rawa, karo na farko tun da na shigo.

"Habsu."

"Na'am, Inna."

"Ɗora ruwa. Dama ma wancan kunu. Ki tankaɗe madarar, yashi ya shiga."

"Inna, rana ba ta hwaɗi ba."

"Na ga rana."

Lawali ya yunƙura daga inda yake. "Inna... saura... saura kaɗan..."

Fuskarta na ga bango, amma da shi take. Habsu ta ce mini tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin haka ba.

"Ka sha. Ni zan ida muna azumin."

Ya sha. Habsu na riƙe da ludayi, ni ina riƙe da kansa. Rabi ya shiga, rabi ya zube a riga. Ya ƙware sau biyu, muka jira, muka ci gaba. Tsohuwar nan ta ɗauki takalmanta ta fita ba sallama.

Ban ce ya warke ba. Cutar nan ba ta da magani tukuna, Balki ce farkon mai faɗin haka. Ban kuma san me Asabar za ta zo da shi ba, in masu gaisuwa sun zauna da Inna sun yi mata nasu bayanin. Abin da na sani shi ne yau da la'asar ya sha kunu.

Yanzu na shigo gida, ƙurar hanya ma ban wanke ba. Ga roƙona.

In vokal ɗin nan yana cikin wayarka, ka goge shi. Na san muryarta ce. Ni ma na daɗe da yatsa a kai kafin in iya. Kada ka tura shi da sunan tunawa da ita, ba abin da ta fi so ta janye a duniya kamar jimlar nan. In kun san gidan da ke da mai irin wannan rawar jiki, nan Tasawa, ko Mayahi, ko Sarkin Hausa, ko ina ne, ku gaya musu mai maganar ta ce a ba shi abinci, a kai shi likita ya gan shi. Azumi na mai lafiya ne, wanda ya wajabta shi ma ya ɗauke wa marar lafiya.

Ya Allah, ga Balkisa nan ta zo maka a kan hanyar gyara kuskurenta. Ka karɓe ta yadda kake karɓar waɗanda suka taso ba su iso ba. Ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci, ka sanyaya shi. Ka ba abokan aikinta ikon ƙarasa abin da ta bari. Ka sassauta wa Lawali, ka ƙarfafi Habsu. Ka ba mai moto lafiya, ka sanyaya zuciyar mai amalanke, bai tashi da niyyar kowa ba.

Wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce.

Ku sa da Inna a ciki. Da hantsi aka binne mata ɗiya, da la'asar ta ga ɗanta.